Gasar Ƙwallon Ƙauyukan Ulster, Inda Ɗan Wasa Ba Ya Karɓar Ko Anini

A kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, lokacin da sanyi ya tsananta a ƙasar Ailan har rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, akan yi wata gasa ta ƙwallo a lardin Ulster da ke arewacin tsibirin. Kulob tara ne ke shiga, kowanne zakara ne a gundumarsa. 'Yan wasan kuwa manoma ne da makiyayan tumaki, da magina, da malaman makaranta, da ɗalibai. Dubban jama'a sukan biya kuɗin ƙofa su shiga kallo, ana kuma nuna wasu wasannin a talabijin, amma ɗan wasa ba ya karɓar ko anini. Ran Lahadi ya buga wasa gaban taro, ran Litinin da safe ya koma bakin aikinsa.

Abin da ya riƙe wannan gasa tun da aka fara ta cikin 1968 shi ne, kowane ɗan wasa garinsu yake buga wa. Shekara talatin da aka yi ana tarzoma da harbe-harbe a lardin ba su iya kashe ta ba. Abin da ke hana shugabanninta barci yanzu wani abu ne dabam, wanda duk mutumin da ya bar gida ya zo Ikko ko Badun neman abinci ya sani sarai, watau watsewar samari daga ƙauye zuwa birni.

WANE IRIN WASA NE?

Sunan wasan ƙwallon Gelik, kuma na gargajiyar mutanen Ailan ne. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa irin namu, in ya fara ganinsa sai ya ɗauka alƙalin wasa ya yi barci, don kuwa ga mutum ya cafe tamaula da hannu biyu a tsakiyar fili yana gudu da ita, ba a busa usur ba.

Kowane ɓangare mutum goma sha biyar ne, har da mai tsaron gida. Filin ya fi na ƙwallon ƙafa girma, tsawonsa mita 130 zuwa 145, faɗinsa mita 80 zuwa 90. Tamaular zagayayya ce kamar tamu, sai dai ta ɗan fi nauyi. An yarda ɗan wasa ya riƙe ta ya yi taku huɗu. Bayan haka tilas ya buga ta da ƙasa ta dawo hannunsa, ko kuwa ya sake ta bisa ƙafarsa ya ɗago ta ta komo hannu yana cikin gudu. Ba a yarda ya buga ta da ƙasa sau biyu a jere ba. In zai miƙa wa ɗan'uwansa, ko dai ya harba da ƙafa, ko ya ɗora ta a tafin hannu ɗaya ya doke ta da ɗayan, jifa kam laifi ne. A wasan maza ba a sunkuyawa a ɗauke ta daga ƙasa haka kawai, sai an sa ƙafa an ɗago ta. Bangaza kafaɗa da kafaɗa halal ce, amma ban da jan riga ko tadiya.

Sandunan raga suna miƙewa sama can bisa sandar gicciye. In tamaula ta shiga raga, maki uku ke nan, sai mai farar riga da ke tsaye gefen raga ya ɗaga koriyar tuta. In ta wuce ta bisa sandar gicciye tsakanin dogayen sandunan nan biyu, maki ɗaya ne, sai a ɗaga farar tuta. Cikin 2025 aka ƙaro tuta ta uku, mai ruwan goro, domin wanda ya harbo tamaula ta bisa sanda daga bayan wani zane mai nisan mita 40, shi maki biyu yake samu. Saboda haka in mai karatu ya ga an rubuta sakamako 1-12, ma'anarsa ci ɗaya a raga da maki 12, jimla 15. Wasan kulob minti sittin ne, talatin-talatin.

TUSHEN AL'AMARIN

Ƙungiyar da ke riƙe da wasan ana kiranta GAA a taƙaice. An kafa ta ran 1 ga Nuwamba 1884 a wani otel cikin garin Thurles, a zamanin da dukan Ailan ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Wani malamin makaranta, Michael Cusack, shi ne ya kira taron, aka naɗa Maurice Davin shugaba na farko. Nufinsu su farfaɗo da wasannin ƙasarsu, waɗanda wasannin Ingilishi ke neman binnewa. Wasan kuwa na sa-kai ne, ba na neman kuɗi ba.

Dabarar da ta sa ƙungiyar ta kafu ita ce, an ɗora kulob bisa yankin majami'a guda, watau ƙauye da 'yan ƙauyukan da ke kewaye da shi, kwatankwacin ƙasar dagaci. Yaro yakan fara wasa a kulob ɗin da aka haife shi tun yana ɗan shekara biyar ko shida, galibi kuma nan zai tsufa. Ba a sayen ɗan wasa, ba a sayar da shi. In ya ƙware ainun a ɗauke shi cikin 'yan wasan gunduma baki ɗaya, ya je ya buga a babban filin Croke Park na Dablin, mai cin mutum 82,300. Amma da an ƙare wasan gunduma sai ya komo ya sa rigar ƙauyensu, ya buga tare da ƙanensa da ɗan maƙwabcinsu. Akwai irin waɗannan kulob fiye da 2,000 a tsibirin. Wanda ke yanke ciyawar fili, da wadda ke wanke riguna, da mai sayar da tikiti a ƙofa, duk aikin gayya suke yi.

YADDA GASAR TAKE

Ailan lardi huɗu ce, gunduma 32. Ulster na da tara daga ciki. Da aka raba tsibirin cikin 1921, gunduma shida, watau Antrim, Armagh, Derry, Down, Fermanagh da Tyrone, suka zauna ƙarƙashin Birtaniya da sunan Ailan ta Arewa. Sauran ukun, Cavan, Donegal da Monaghan, suna cikin Jamhuriyar Ailan. GAA ba ta taɓa yarda da wannan iyaka a harkar wasa ba. Don haka kulob yakan tashi daga inda ake kashe fam na Ingila, ya je ya buga a inda ake kashe yuro, duk cikin gasa ɗaya.

Kafin kulob ya shiga gasar lardi, sai ya fara cinye ta gundumarsa, wadda akan ƙare wajen watan Oktoba. Zakarun nan tara su ne za su kara, wanda aka ka da shi ya tafi gida, babu gyara. Akan fara da wasa ɗaya na share fage don a rage su zuwa takwas, daga nan huɗu, daga nan biyu. Wanda ya yi nasara ya ɗauki kofin Seamus McFerran, sa'an nan ya wuce ya gamu da zakarun sauran larduna uku don neman kofin ƙasa duka. Dā akan yi wasan ƙarshe na ƙasa ran 17 ga Maris, ranar bikin Waliyi Patrick, amma tun 2020 aka matso da shi farkon shekara. Har ila yau akwai aji na biyu da na uku na gasar, domin ƙananan kulob su ma su sami abin nema.

Bellaghy ta gundumar Derry ita ce ta fara ɗaukar kofin cikin 1968, ta kuma ci na ƙasa cikin 1972. Scotstown ta Monaghan ta ɗauka sau uku a jere daga 1978 zuwa 1980. Burren ta Down ta ɗauka sau biyar tsakanin 1983 da 1988, ta haɗa da na ƙasa sau biyu. Amma babu kulob ɗin da ya kai Crossmaglen Rangers a tarihin gasar.

FILIN DA SOJA SUKA ƘWACE

Crossmaglen ɗan gari ne a kudancin gundumar Armagh, dab da iyaka, mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Tun daga 1969 har zuwa sulhun 1998, Ailan ta Arewa ta zama fagen fama tsakanin masu son haɗewa da Jamhuriya, waɗanda galibinsu 'yan Katolika ne, da masu son zama ƙarƙashin Birtaniya, galibi 'yan Furotesta, ga kuma sojan Birtaniya a tsakani. Mutum fiye da 3,500 suka hallaka. Kudancin Armagh na cikin wuraren da abin ya fi muni, har soja suka daina bin hanyar mota saboda nakiya, sai da jirgi mai saukar ungulu suke shiga da fita.

Barikin soja kuwa jikin filin ƙwallon garin yake. A farkon shekarun 1970 soja suka ƙwace wani sashe na filin. Ana cikin wasa jirgi yakan sauko ƙasa-ƙasa bisa kawunan 'yan wasa da ƙara da iska, tilas a tsaya. Tamaular da ta tsallaka katangar bariki sau da yawa ba ta dawowa. Mutanen garin suka ƙi tashi su nemi wani fili. Shekara da shekaru suna kai kuka, GAA na taya su, sai cikin 1999 aka mayar musu da filinsu.

A wannan fili ne, ƙarƙashin inuwar hasumiyar soja, aka reni samarin da suka zo suka mamaye ƙwallon kulob na Ailan. Wani tsohon ɗan wasansu, Joe Kernan, ya karɓi horar da su, suka ci gundumar Armagh cikin 1996, suka ci Ulster a shekarar, suka ɗauki kofin ƙasa cikin Maris 1997. Daga 1996 zuwa 2008 suka ci gundumarsu sau goma sha uku a jere. Aka ka da su cikin 2009, suka dawo suka jera wasu shida. Mai tsaron gidansu, Paul Hearty, ya tara lambar zakaran gunduma 19. A Ulster sun ɗauki kofi sau goma sha ɗaya tsakanin 1996 da 2015, na ƙasa kuwa sau shida: 1997, 1999, 2000, 2007, 2011 da 2012. Da Joe Kernan ya koma horar da gundumar Armagh, ya kai ta ga kofin ƙasa na gundumomi karo na farko cikin 2002, ɗan Crossmaglen ne kuma, Oisín McConville, ya jefa tamaula a ragar Kerry a wasan ƙarshe.

Wasu kulob ɗin abin da suka rasa ya fi fili. Ran 21 ga Fabrairu 1988 wani soja ya harbe Aidan McAnespie, saurayi ɗan shekara 23, jim kaɗan bayan ya wuce shingen bincike a Aughnacloy zai je filin kulob ɗinsu. Sai cikin 2022 kotu ta kama sojan da laifin kisa ba da niyya ba. Cikin Mayu 1997 'yan bindiga masu goyon bayan Birtaniya suka sace Sean Brown, shugaban kulob ɗin Bellaghy, yana kulle ƙofar fili da dare, suka kashe shi. Ita ma GAA tana da nata ɗaurin a lokacin: dokarta ta hana sojan Birtaniya da 'yan sandan Ailan ta Arewa zama 'yan ƙungiya. An soke dokar cikin 2001. Shekara goma bayan haka, da aka kashe wani matashin ɗan sanda ɗan Katolika, Ronan Kerr, da nakiya a Omagh, 'yan kulob ɗinsa na ƙwallo da 'yan'uwansa 'yan sanda tare suka ɗauki gawarsa. Wanda ya san lardin a shekarun 1980 bai taɓa zaton zai ga haka ba.

ƘANƘANIN ƘAUYE, BABBAN KOFI

Bayan Crossmaglen ta lafa, sai wasu ƙauyukan da suka fi ta ƙanƙanta suka taso. Slaughtneil a gundumar Derry ba gari ba ne ma, gidajen manoma ne wajen ɗari uku warwatse a gindin tudu. Sun ci Ulster cikin 2014, 2016 da 2017. A 2016 da 2017 ɗin kuma suka haɗa da kofin lardi na hurling, wani wasa mai kama da ƙwallon gora, da na matansa da ake kira camogie. Yawancin mazan da suka buga ƙwallo su ne suka buga hurling, 'yan matan kuwa ƙannensu ne da 'yan'uwansu.

Kilcoo ta gundumar Down ƙauyen makiyayan tumaki ne a gindin duwatsun Mourne. Sun yi shekara 72 ba su ci ko gundumarsu ba, daga 1937 har zuwa 2009. Sau biyu suka kai wasan ƙarshe na Ulster, cikin 2012 da 2016, ana ka da su. Suka ɗauka cikin 2019, suka je Dablin cikin Janairu 2020 Corofin ta Galway ta cinye su bayan ƙarin lokaci. Cikin Fabrairu 2022 suka sake komawa Croke Park, suka gamu da Kilmacud Crokes, wani ƙaton kulob na unguwar Dablin mai dubban 'yan ƙungiya. Ana dab da tashi a ƙarin lokaci Kilcoo na baya da maki biyu, sai Jerome Johnston ya zura tamaula a raga, suka ci 2-8 da 0-13, watau 14 da 13. Cikin 'yan wasan akwai 'yan gida ɗaya su biyar, 'ya'yan gidan Branagan, da uku 'yan gidan Johnston. Mickey Moran, dattijon da ya horar da su, shi ne dā ya horar da Slaughtneil.

Labarin Errigal Ciarán ta gundumar Tyrone kuwa ya nuna yadda abin ke iya raba gari kamar yadda yake haɗa shi. A farkon shekarun 1980 rigima ta tashi a yankin Ballygawley kan wani wasa na cikin gida, mutanen unguwar Glencull suka yi fushi suka ware. Hukumar gunduma ta ƙi yarda da kulob biyu a yanki ɗaya, saboda haka samarin Glencull suka yi shekaru ba su da damar shiga gasa. Cikinsu akwai wani yaro, Peter Canavan, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan da aka taɓa yi. Aka sasanta cikin 1990, aka haɗe da sabon suna. Shekara uku kacal bayan haka suka ɗauki kofin Ulster, suka maimaita cikin 2002. Cikin Disamba 2024 suka ɗauka karo na uku, suka ka da Kilcoo da maki ɗaya, 'ya'yan Peter biyu, Darragh da Ruairí, na cikin fili. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

WANDA YA TAFI YA DAWO

Kulob ɗin Glen na garin Maghera, maƙwabcin Slaughtneil, an kafa shi cikin 1948, ya yi shekara 73 bai taɓa cin babbar gasar Derry ba. Amma yaransa 'yan ƙasa da shekara sha takwas sun ci kofin lardi na yara sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014, kowa ya san akwai abin da ke tafe. Sai ga shi wanda ya fi fice a cikinsu, Conor Glass, ya tafi.

A Ostareliya akwai wani wasa mai kama da Gelik, wanda ake biyan 'yan wasansa albashi, masu neman gwanaye kuma sukan zo Ailan su ɗebi samari. Glass ya tafi kulob ɗin Hawthorn na birnin Melbourne cikin 2016, ya yi shekara huɗu yana cin albashi. Cikin 2020 ya ajiye, ya komo gida wasan da ba a biya. Shekara ɗaya bayan dawowarsa Glen ta ci Derry karo na farko, kuma Slaughtneil ta ka da a wasan ƙarshe. Cikin 2022 ta ɗauki kofin Ulster.

Wasan ƙarshe na ƙasa cikin Janairu 2023 ya bar ƙura. Kilmacud Crokes ta ci Glen 1-11 da 1-9, amma hotuna suka nuna cewa a harin ƙarshe da Glen ta kai, mutum goma sha shida ne na Kilmacud ke cikin fili, saboda wanda aka canza bai fita ba. Glen ta kai ƙara, kwamiti ya ce a sake wasa, Kilmacud ta ɗaukaka ƙara, daga bisani Glen ta janye ta bar musu kofin. Ba a jima ba rana ta zagayo. Glen ta sake cin Ulster cikin 2023, ta gamu da Kilmacud a wasan kusa da na ƙarshe a garin Newry cikin hazo mai kauri, ta cinye ta da maki ɗaya. A wasan ƙarshe cikin Janairu 2024, St Brigid's ta Roscommon na gaba har saura 'yan mintoci, sai Conor Glass ya harba tamaula ta shiga raga. Glen ta ci 2-10 da 1-12.

Akwai wani abu kuma game da Kilmacud da ya ta da surutu a ƙauyuka. Cikin 2022 gwanin gundumar Galway, Shane Walsh, ya bar ƙaramin kulob ɗin garinsu ya koma Kilmacud, bisa dalilin cewa a Dablin yake zaune yana karatu. Doka ta yarda wa wanda ya sake mazauni ya yi haka. Amma mutanen karkara suka ce, in kowane gwani zai bi sawunsa, to ƙauye ya yi reno ne birni ya ci moriya.

INDA GIZO KE SAƘA

Ƙaura tsohuwar cuta ce a Ailan. Kafin yunwar 1845 zuwa 1852 mutanen tsibirin sun haura miliyan takwas. Wajen miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya kuma suka tsallaka teku, har ƙidayar 2021 da 2022 ba a komo adadin dā ba. A yammacin Donegal, inda har yanzu ake jin harshen Ailan a cikin gida, an daɗe maza da mata suna tafiya cin rani ƙasar Sikotilan, su yi aikin tonon dankali da gine-gine su aiko da kuɗi gida. Shi ya sa lokacin da Gaoth Dobhair, kulob na wannan yanki, ya ka da Scotstown 0-13 da 0-12 bayan ƙarin lokaci a Omagh cikin Disamba 2018, murnar ba ta tsaya a Donegal ba. Rabon da wani kulob na gundumar ya ɗauki kofin tun 1975.

Da tattalin arzikin Ailan ya karye cikin 2008, aikin gini ya tsaya, samari suka yi ta kwarara zuwa Ostareliya da Kanada da Amurka da Ingila. Kulob da yawa na karkara suka wayi gari ba su iya tara mutum goma sha biyar. Wasu suka koma buga sha uku-sha uku. Wasu suka haɗe yaransu da na ƙauyen da kakanninsu suka yi shekara ɗari suna gaba da shi a fili. Waɗanda suka tafi ba su bar wasan ba, sun kafa kulob fiye da 400 a ƙasashen waje, har Landan da Niyok na shiga gasar gundumomi ta lardin Connacht. Amma wanda ke bugawa a Sydney ba ya cike gurbin da ya bari a gida.

Ko da arziki ya farfaɗo, aikin yana Dablin da Belfas da manyan garuruwa. Ɗan wasan ƙauye yakan tashi daga aiki da yamma ya tuƙa mota awa biyu ko uku ya je horo, ya komo cikin dare, sau biyu ko uku a mako. Yana yi yana saurayi, amma da ya yi aure ya sami gida a birni, 'ya'yansa kulob ɗin birni za su shiga. Ga abin da ya jawo: yawancin kulob suna karkara inda yara ke raguwa, a birni kuwa yara sun yi yawa fili ya yi kaɗan. Jarlath Burns, shugaban makarantar sakandare daga Silverbridge, maƙwabciyar Crossmaglen, wanda ya zama shugaban GAA cikin Fabrairu 2024, ya sa wannan matsala cikin manyan abubuwan da ya ce zai fuskanta, aka kuma ɗora wa wani kwamiti binciken ta.

Kuɗi ma ya fara leƙowa ta taga. Doka ta ce mai horarwa kuɗin mota da na ɗawainiya kawai za a ba shi, amma shugabannin ƙungiyar da kansu sun sha kuka cewa ana biyan wasu a ɓoye, musamman waɗanda aka ɗauko daga wani gari. Kulob ɗin da ke son kofi sai ya nemi likitan gashi, da mai lura da abincin 'yan wasa, da mai ɗaukar hoton wasa don nazari. Duk wannan daga aljihun mutanen ƙauye yake fitowa, ta hanyar karo-karo da sayar da tikitin sa'a na mako-mako. Ɗan wasa dai har yanzu ba ya samun kome sai lambar ƙarfe da zai rataya, da sunansa a bangon zauren kulob.

Sakataren kulob na karkara ba ya bukatar ƙwararre ya gaya masa makomarsa. Rajistar makarantar firamare ta ƙauye kawai zai duba. In yara maza huɗu ne suka shiga aji ɗaya bana, ya san nan da shekara goma sha biyar ba shi da 'yan wasa, sai fa in waɗanda suka tafi sun komo da iyalinsu. Kilcoo da Slaughtneil sun kai inda suka kai ne domin samarinsu sun zauna. Glen kuwa ta jira har ɗanta ya dawo daga Melbourne. Sauran ƙauyukan da nasu ba su dawo ba, fitilun filinsu na nan, ciyawa a yanke, zane a shafe da farar ƙasa, ana jiran masu wasa. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.